Rubu'i Ko Sumuni, Wanne Ya Fi? Shawarwari Ga Iyayen 'Yan Makaranta

Yaron da za a aika kasuwar Gaya ya auno rabin kwanon gero ba a cuce shi ba, shi ne za a rubuta wa 1/4 da 1/8 a allo ya ce 1/8 ne babba, wai ai takwas ta fi huɗu. Ba daƙiƙanci ba ne, idonsa ne ya saba da ƙirga. Ga abin da na gwada a kan yarana, kuma babu wanda zai ci muku kuɗi.

1. Ku fara da karan dawa. Ku samo kara uku masu tsawo ɗaya, a yanka na farko gida biyu, na biyu gida huɗu, na uku gida takwas, a jera a tsakar gida. Da idonsa zai ga cewa in masu rabo suka yi yawa, kason kowa sai ya tsuke.

2. Ku yi amfani da sunayen da ya ji a Islamiyya. Rabi, sulusi, rubu'i, sudusi da sumuni duk suna cikin darasin gado. Matar mamaci rubu'i take samu in bai bar ɗa ko 'ya ba, sumuni kuwa in ya bari. Ku tambaye shi wanne ya fi tsoka, sannan ku sa shi ya rubuta su da lamba: 1/4 da 1/8.

3. Ku ajiye ƙwayar gyaɗa 24 a gwangwani. Wannan ce dabarar da ta fi yi mini aiki, domin 24 tana rabuwa gida 2, 3, 4, 6 da 8 ba saura, shi ya sa ma malaman gado ke yawan kafa lissafinsu a kanta. In an ce ya jera 2/3 da 3/4 da 5/8, ya kasa gyaɗar da hannunsa: zai sami 16 da 18 da 15, jerin ya fito da kansa. Kada ku hanzarta shi zuwa ƙa'idar littafi. Ranar da malami ya zo kanta a aji, zai tarar ya riga ya san abin da ake nema.

4. Ku sa rabi ya zama ma'auni. Kafin ya taɓa biro, ya fara tambayar kansa: wannan ya kai rabi ko bai kai ba? 3/8 bai kai ba, 4/7 ya wuce, magana ta ƙare.

5. Lamba mai ɗigo, ku mayar da ita naira. Yara da yawa kan ce 0.25 ta fi 0.5 saboda ta fi tsawo. Ku ɗauki naira 100: ta farko naira 25 ce, ta biyu naira 50. Ya saba cike gurbin da sifiri, ya rubuta 0.50, rikicin ya wuce.

6. Abin da ke ƙasa da sifiri, ku kira shi bashi. Wanda mai shago ke bi naira 500 da wanda ake bi 200, wa ya fi kusa da fita? Ku ja layi a ƙasa, sifiri a tsakiya, bashi a hagu, kuɗin aljihu a dama, ya taka ya ga –200 na gaba da –500.

7. Da kaka, ku ba shi lissafin zakka. Gonar damina ushuri ake fitarwa, 1/10, wadda aka shayar da inji kuwa rabin ushuri, 1/20. Manomin Ajingi da ya sami buhu 20 zai fitar da biyu ko ɗaya ke nan. Ku bar yaran su faɗa da bakinsu, mata da maza duka.

In ya yi kuskure kada ku tsawata, ku ce ya nuna muku da kara ko gyaɗa. Minti goma bayan sallar Isha'i sun isa, ku fara daren yau.