Matakan Warware Kurakuran SQLite Lokacin Harhaɗa Manhaja

Wani matashi a nan Gwadangaji ya rubuta wa kawunsa mai sayar da shinkafa manhajar lissafin buhuna da bashi. Ya zaɓi SQLite, kuma ya dace: ba ta neman intanet, bayanan shagon duka suna zama cikin fayil guda. Da ya zo harhaɗawa sai jan rubutu ya cika masa allo, har ya ɗaura niyyar gyara sqlite3.c da hannunsa. Nan na taka masa birki. Fayil ɗin ya haura layi 200,000, aikin da D. Richard Hipp ya faro tun 2000. Galibi ba a cikinsa matsalar take ba, tana wajen yadda ka haɗa shi.

Da farko, koma can sama ka karanta kuskure na ɗaya kawai. Sauran yawanci shi ya haife su.

Na biyu, duba da me kake harhaɗawa, don a nan aka fi tuntuɓe. An rubuta sqlite3.c da harshen C ne. In ka miƙa shi ga g++, zai yi ta ƙorafin "invalid conversion from void*", domin C++ ba ya yarda da abin da C ke ƙyalewa. Raba musu aiki:

gcc -c sqlite3.c
g++ main.cpp sqlite3.o -lpthread -ldl -lm -o shago

Waɗancan ukun masu farawa da -l na masu Linux ne. Su ke maganin kukan rashin pthread ko dlopen.

Na uku, sqlite3.h kaɗai za ka sa a #include. In ka jawo sqlite3.c cikin fayil biyu, "multiple definition" zai fito. Haka ma in ka bar shell.c cikin aikin, don yana da nasa main. In kuma "undefined reference to sqlite3_open" ka gani, ka manta da sqlite3.o ne.

Mai Visual Studio da ya ga C1010, ya kashe wa sqlite3.c tsarin precompiled header, shi kaɗai.

Na ƙarshe, fayilolin da aka kwaso a filashi hannu zuwa hannu sukan cakuɗe, tsohon .h da sabon .c. Buga SQLITE_VERSION da sqlite3_libversion() a allo. In lambobin sun saɓa, sake sauke su tare daga sqlite.org.