Sunan Heinrich: Asalinsa da Wasu da Suka Yi Fice da Shi

Duk ɗalibin da ya yi kwas na tarihin nazarin Hausa ya ci karo da sunan Heinrich Barth. Mukan haddace shi saboda jarrabawa, mu wuce, ba tare da mun tambayi kanmu ko yana da ma'ana ba. Wannan 'yar maƙala za ta dubi sunan ta fuskar ginin kalma, sannan ta kawo wasu daga cikin masu shi.

Da farko, furuci. Abin da Jamusawa ke rubutawa "ei", "ai" suke faɗa, shi kuwa "ch" na ƙarshe sauti ne da babu shi a Hausa, yana tsakanin /h/ da /sh/. Ke nan "Hainirish" ya fi kusa da daidai.

Heinrich harɗaɗɗen suna ne. A tsohon Jamusanci Heimrich ake cewa, daga "heim" mai nufin gida, da "rihhi" mai nufin mai iko ko mai wadata. Daga baya /m/ ta koma /n/. Idan aka haɗa su, sai a sami "mai iko da gida", wato dai maigida. Haka Jamusawan dauri suke gina sunayen maza, su ɗauki saiwa biyu su liƙa. Saiwar "rich" ɗin nan ita ce a Friedrich, inda ta haɗu da kalmar zaman lafiya, ita ce kuma a Dietrich, inda ta haɗu da kalmar jama'a. Bambancin da ke akwai shi ne, Bahaushe in ya ji Ɗanjuma ko Maikano nan take ya san abin da ake nufi, amma Bajamushen yau sai ya buɗe littafi kafin ya gane abin da Heinrich ya ƙunsa.

Sarauta ce ta yaɗa sunan. A shekarar 919 aka naɗa Heinrich na ɗaya, shugaban Saksoni, sarki, kuma kafin 1313 an yi sarakuna bakwai masu wannan suna a daular Jamusawa. Wanda aka fi tunawa shi ne na huɗu, da ya yi rigima da Fafaroma Giregori na bakwai kan wane ne ke da ikon naɗa manyan limaman coci. Da Fafaroma ya kore shi daga coci, sai ya tsallaka duwatsu zuwa Kanosa a Italiya cikin Janairun 1077, ya kwana uku yana jira a ƙofar ganuwa cikin tsananin sanyi kafin a yafe masa. Maigida ke nan a ƙofar gidan wani!

Sunan bai tsaya Jamus ba. Faransawa suka mayar da shi Henri, daga gare su Ingilishi suka samo Henry, Italiyawa suka ce Enrico, mutanen Sifen Enrique. Kowane harshe ya lanƙwasa shi daidai da tsarin sautinsa, kamar yadda muka yi wa Abubakar ya zama Habu da Garba da Buba. A Jamus kanta ana gajarta shi zuwa Heinz ko Hinz, kuma saboda yawansa har ya shiga salon magana: in suka ce "Hinz und Kunz", wato Heinrich da Konrad, suna nufin kowa da kowa, ko wane kare da doki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gidan sarautar Reuss, inda ɗaruruwan shekaru duk ɗa namiji Heinrich ake raɗa masa, sai dai a bambanta su da lamba. An yi Heinrich na 72, wanda ya sauka daga mulki a 1848.

A fagen ilimi akwai mawaƙi Heinrich Heine (1797–1856), wanda sunansa na yanka Harry ne, sai a 1825 ya ɗauki Heinrich da ya shiga Kiristanci. Akwai Heinrich Hertz (1857–1894), masanin da ya tabbatar da samuwar igiyoyin da rediyo ke aiki da su. Duk lokacin da mai gabatarwa ya ambaci kilohaz, sunansa yake kira. Akwai kuma Heinrich Himmler, shugaban rundunar SS ta Hitila, ɗaya daga cikin manyan da suka tsara kisan Yahudawa.

Mu koma ga namu. An haifi Barth a Hambug a 1821, ya baro Tarabulus a 1850, ya biyo ta Agadas da Katsina ya shiga Kano a Fabrairun 1851. Da ya koma Turai a 1855 ya tafi da samari biyu, Abbega da Dorugu. Daga bakin Dorugu, Bahaushe, J. F. Schön ya samu yawancin abin da ya gina nahawunsa na 1862 da littafin Magana Hausa na 1885. Shi kuwa Barth, duk tsawon tafiyarsa bai yi amfani da sunan Heinrich ba: Abdulkarim mutanen Kano da Sakkwato da Kukawa suka san shi da shi.