Shawarwari: Yaɓe, Fenti da Kwalta Kafin Damina

A Birnin Zariya ruwa kan kankama a watan Mayu, ya tsananta a Agusta. Duk abin da za a shafa wa gida, a gama shi tun da rani.

1. Ginin ƙasa yaɓen ƙasa yake so. Maginan da can sukan jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, su kwaɓa ƙasa da ruwanta, bango ya yi duhu ya daina shan ruwa. Saman soro kuwa laso ake masa, haɗin katsin marina da gashin jima da dafara. Da ƙasa Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarim (1834 zuwa 1846), saboda haka kada a raina ta. Laso ya yi wuya yanzu da marina suka ragu, amma makuba tana nan.

2. A yi hattara da filastar siminti a kan tubalin ƙasa. Ido yana sonta, amma ba ta kama ƙasa sosai. Ruwa kan bi ta tsaga ya kwanta a bayanta, yana cin bango ba wanda ya sani. Ƙwanƙwasa da hannu: in ka ji ƙara kamar ganga, ta rabu da bangon. In dole sai siminti, magini ya kafa ragar waya da ƙusoshi tukuna.

3. A duba indararo. Wanda ya toshe ko ya gajarta, a jikin bango zai zubar da ruwa.

4. Ƙofar ƙarfe da taga: a kankare tsatsa da burushin waya har ƙarfen ya fito, a shafa jan fentin hana tsatsa, ya bushe, sannan fentin mai. Fenti a kan tsatsa asarar kuɗi ne. Gindin ƙofa, inda ruwa ke fantsama, shi ke fara ruɓewa.

5. Katakon rufi a shafa masa maganin gara irin Solignum kafin a ɗora. Baƙin man mota ya fi araha, sai dai wari, kuma bai dace da ɗakin kwana ba.

6. Ramin ƙusa a kwano, ɗan kwalta ya ishe shi.

7. Kada a yi fenti ranar da ƙurar hunturu ta taso. A buɗe tagogi, a kuma fitar da yara in ana kankare tsohon fenti, don wani yana ɗauke da gubar dalma.

Maigida, ka nemi magini tun Fabrairu. Da hadari ya fara haɗowa, kowa nemansa yake.