Darasi: Ba a Sanin Ƙarfin Dattijo a Rana Ɗaya

'Yan'uwa manoma, masu binciken lafiya suna da hanyar auna ƙarfin mutum. Sukan yi ta ƙara masa nauyi kaɗan kaɗan, har a kai wanda zai iya ɗagawa sau ɗaya tak. To, ga dattijon da bai saba ba, awon ranar fari yakan kasa ainihin ƙarfinsa. In aka sake bayan 'yan kwanaki sai ya ɗaga fiye da na dā. Tsokarsa ba ta ƙaru ba tukuna, jikin ne ya koyi aikin. Saboda haka sukan auna sau 2 ko 3, da hutu a tsakani.

Sai batun tsamin jiki. Yakan soma bayan awa 12 zuwa 24, ya yi tsanani a kwana na 2 ko na 3, ya wuce cikin mako guda. Abin mamaki, sauke kaya a hankali ya fi ɗagawa kawo shi, gama a nan ne zaren tsoka ke ɗan yagewa. Tsamin karo na biyu ba ya kai na farko.

Ran da motar taki ta iso da buhuna masu kilo 50, kada ku bar dattawa su yi gasa da samari. Bari su soma da rabin buhu, kada kuma su riƙe numfashi wajen ɗagawa, balle mai hawan jini. In ƙirji ya yi ciwo, ko fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, a kai mutum asibiti nan da nan.