Darasin Lafiya: Idan Launin Ido Ya Sāke

A Yohanna sura 9 almajirai sun zaci zunubi ne ya makantar da wani mutum, amma Yesu ya gyara tunaninsu. Har yau idan idon mutum ya sāke launi, wasu sukan ce jifa ne ko maita. Sau da yawa ciwo ne da ke da magani idan an hanzarta.

1. Ruwan ɗorawa. Wannan ita ce shawara. Ciwon hanta, sikila ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani suna kawo ta. Idan jariri ne, musamman a ranar haihuwa, ko ya ƙi kama nono, a kai shi asibiti ran nan, domin tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Shanya shi a rana ba ya wadatarwa.

2. Ja. Ƙura, hayaƙin murhu ko apolo. Apolo ya fara bayyana a Gana a 1969, yana kuwa yaɗuwa ta hannu da tawul. Idan akwai zafi sosai ko gani ya ragu, kada a jira.

3. Fari a kan baƙin ido, wato hakiya. Takan biyo bayan rauni, ko ƙyanda da ƙarancin bitamin A. A yi wa yara rigakafin ƙyanda, a ba su manja, ganyen zogale, gwanda da ƙwai.

4. Fari can cikin ƙwayar ido. Ga tsoho, yawanci yana ce, kuma ƙaramin aiki yakan maido da gani. Ga ƙaramin yaro, yana iya zama ciwon daji. A tafi nan da nan.

Kada a ɗiga fitsari, ruwan sukari, ruwan nono ko ruwan ganye a ido. Suna iya kashe idon da dā zai warke.

Ina za mu je? A fara da asibitin da ke kusa. A Kaduna akwai Babban Asibitin Kawo, da Asibitin Ido na Ƙasa a Mando, ba nisa da Kawo. A Kano akwai Asibitin Ido na ECWA, wanda aka kafa a 1943.

Tambayoyi don zumuntar mata da matasa:
Waɗanne abubuwa ake sa wa a ido a ƙauyenmu?
Wane tsoho ne ya daina zuwa sujada saboda rashin gani?
Yaya ikilisiya za ta haɗa masa kuɗin mota, wa kuma zai raka shi?