Hukuncin Kuɗin Lafiya Da Ake Cirewa Daga Albashin Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi

  

Darasin wannan mako ya shafi ɗan kuɗin nan da ma'aikacin ƙaramar hukuma yake ganin an zare daga albashinsa a ƙarshen wata da sunan asusun lafiya. Masinja ne, ko malamin duba-gari, ko mai karɓar kuɗin kasuwa, ko ungozoma a asibitin sha-ka-tafi, kowa ana taɓa nasa. Tambayoyi biyu ne ke tasowa. Ta farko, shin wannan tsari ya halatta? Ta biyu, in ya halatta, mene ne ya rataya a wuyan wanda kuɗin ke hannunsa? Jama'a sun fi yawan yin ta farko, alhali kuwa ta biyu ce ke hana matar lebura samun gado a asibiti ranar haihuwa.

An kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, aka soma aiki da ita a 2005, amma ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne suka fi cin moriyarta. Tsarin farko shi ne mai ba da aiki ya zuba kashi 10 cikin 100 na ainihin albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 5, a kula da shi da matarsa ɗaya da 'ya'ya 4 da ba su kai shekara 18 ba. Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi sai da suka jira jihohinsu: Kano ta yi dokarta a 2016, Kaduna a 2018. A 2022 aka yi sabuwar doka wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Mai lura zai ga jihohin Arewa da dama sun kauce wa kalmar inshora a sunayen hukumominsu, sun zaɓi taimakekeniya. Wannan bambanci yana da tushe a fiƙihu.

Malamin da aka fi sani da soma magana a kan inshora shi ne Ibnu Abidin, Bahanafen Dimashƙa wanda ya rasu a 1836, sa'ad da ya duba kuɗin da fatake ke biya domin lamunin kayansu a jirgin ruwa. A 1978 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta haramta inshorar kasuwanci, ta halatta ta taimakon juna, ko da yake Shaihu Mustafa Zarƙa ya saɓa wa sauran, yana ganin halaccin duka biyun. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta bi ra'ayin mafi yawa a Jidda a 1985. Hujjarsu ita ce garari, watau cinikin da ba a san abin da zai fito daga cikinsa ba, wanda hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim ya hana. Mutum zai biya shekara 20 bai karɓi ko anini ba, wani kuwa ya biya wata 2 ya karɓi miliyoyi, abin da ya rage kuma ribar kamfani ne.

To, ai wannan rashin sani yana nan a asusun taimakekeniya ma. Me ya raba su? A nan ne mazhabar Malikiyya ta yi bayani mai gamsarwa. Imam Ƙarafi, wanda ya rasu a 1285, ya bayyana a littafinsa Alfuruƙ cewa Imam Malik ya raba ma'amala ta musaya da ma'amala ta kyauta. Garari yana ɓata ciniki domin kowane ɓangare ya ba da dukiyarsa ne don ya sami madadinta. Kyauta kuwa ba ta ɓaci da shi, domin mai bayarwa bai ƙulla a kan sai an mayar masa da daidai abin da ya bayar ba. Haka kuma Buhari da Muslim sun ruwaito yabon da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Ash'arawa, mutanen da in guzuri ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa a mayafi ɗaya su raba daidai, ba tare da an auna abin da kowa ya kawo ba. Aya ta 2 ta Suratul Ma'ida kuma ta yi umurni da taimakon juna a kan alheri.

Wani zai ce, yaya za a kira shi kyauta alhali tilas ake cirewa? Amsar malamai ita ce shugaba yana da ikon wajabta abin da maslahar jama'a ta bukata, kamar yadda ake cire kuɗin fansho. Amma ƙa'idar tana da sharaɗi a cikinta: ikon shugaba a kan dukiyar talakawa ɗaure yake da maslaharsu. Ranar da maslahar ta kau, hujjar cirewar ta kau tare da ita.

Daga nan ne nauyin ke komawa kan mahukunta. Kuɗin da aka cire ya fita daga mallakar ma'aikaci, amma bai shiga mallakar gwamnati ba. Na jama'ar da suka zuba ne, mai riƙe da shi kuwa wakili ne, amana ce a hannunsa, irin wadda aya ta 58 ta Suratun Nisa'i ta yi umurni a mayar ga masu ita. Saboda haka ma'aji ko shugaban ƙaramar hukuma ba shi da ikon ara daga ciki don ya biya ɗan kwangila, ko da niyyarsa ya mayar. Sashe na 162 na Tsarin Mulkin 1999 ya kafa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. A shari'a dai hukuncin ɗaya ne: duk hannun da ya biya albashi ya cire kuɗin, shi za a tambaya.

A ɗauki misali. Ƙaramar hukuma tana da ma'aikata 2,000, ana cire wa kowa naira 1,000 a wata, watau naira miliyan 2. In aka riƙe kuɗin wata 3 ba a miƙa wa hukumar asusu ba, ita ma ba za ta biya asibiti ba. Asibitin kuwa da wannan kuɗi yake sayen magani, domin bisa tsarin da aka saba, ana ba shi ƙayyadadden kuɗi kowane wata a kan kowane mai rajista, ya zo ko bai zo ba. Sai mai shara ya kai ɗansa mai zazzaɓi, a rubuta masa takarda a ce ya je kyamis. Ya biya sau biyu ke nan, kuma wanda ya jawo masa yana zaune a ofis bai ma san sunansa ba. Hadisi ya kira jinkirin mawadaci wajen biyan abin da ke kansa zalunci. Kason da hukuma ta yi alkawarin zubawa ma haka yake, domin ya zama wani yanki na ladan ma'aikaci, kuma hadisin ƙudusi a Buhari ya lissafa wanda ya ci gumin ɗan ƙwadago cikin mutum 3 da Allah zai yi husuma da su ranar Alƙiyama.

Saura batun tsada. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin magani ya hau, asusun da ya isa jiya ba lalle ya isa yau ba. Hanya mafi sauƙi ga mahukunta ita ce ƙara abin da ake cirewa, ko rage cututtukan da asusu ke ɗauka. Wakili na gari ba da su yake farawa ba. Zai fara da tace sunaye, domin kowane ma'aikacin bogi ko mamaci da ya rage a rajista, asibiti na karɓar kuɗin kansa a banza. Sa'an nan ya binciki takardun da asibitoci ke kawowa na aikin tiyata da gwaje-gwaje, ya ƙayyade kuɗin tafiyar da ofis a fili, tun da ladan wakili wajibi ne ya zama sananne. Motoci da tarurruka a otal ba magani ba ne. Rarar da ta saura a ƙarshen shekara ta asusu ce, a ajiye ta don shekarar wahala, in za a juya ta a nemi hanyar da babu riba, kamar sukuk da Gwamnatin Tarayya ta soma fitarwa a 2017. In duk wannan bai isa ba, to, a zauna da ƙungiyar ma'aikata, a buɗe musu littafi, a sanar da canji kafin ya soma aiki. Adalci kuma shi ne mai babban albashi ya zuba fiye da masinja, su kuma sha magani iri ɗaya.

Ma'aikaci ma bai kuɓuta ba. Magidanci mai mata 2 da 'ya'ya 9 yakan ji ƙa'idar mace ɗaya da 'ya'ya 4 ta ƙuntata masa, kuma kukansa abin saurare ne, ya kamata jihohin da auren mace fiye da ɗaya ya yawaita a cikinsu su sauƙaƙa kuɗin ƙara iyali. Amma wannan bai halatta masa ya kai amarya da katin uwargida ba, ko ɗan maƙwabci da sunan ɗansa, ko ya karɓi maganin da ba ya bukata ya sayar. Wanda ya yi haka yana zaton gwamnati ya cuta, alhali daga kason abokin aikinsa ya ɗiba. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya tuba, ya mayar da kimar abin ga asusun, sa'an nan ya je ya yi wa sauran iyalinsa rajista ta hanyar da doka ta tanada. Allah ne Mafi sani.