Linux ya sallami tsofaffin direbobin allo: kwamfutarka ta hannu tana ciki?

Darasin yau wani abokina mai gyaran kwamfuta a Sabon Gari ne ya jawo shi. Yana da laftof guda shida na hannu da ya ɗora wa Linux Mint, zai sayar wa wata makarantar koyon kwamfuta a Fagge, sai ya ji an ce Linux ya cire direbobin tsofaffin kwamfutoci. Ya kira ni hankalinsa a tashe: “Mutumina, in fasa cinikin ne? Kar a sabunta su allo ya yi baƙi, a dawo min da kaya.” Labarin da ya ji gaskiya ne, amma rabinsa ya ji.

Mu fara daga tushe. Kanel shi ne zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, kuma Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, kanel ne. Wayar Android da ke hannunka, Tecno ce ko Infinix ko Samsung, a kansa take tafiya. Shiga Settings, sai About phone, ka nemi Kernel version, za ka ga lambarsa. Shi kuwa direba ba na mota ba ne, tafinta ne tsakanin kanel da wani sashe na na'ura. Direban allo shi ne ya san yaren guntun da ke zana hoto.

A watan Afrilun 2023 aka saki Linux 6.3, a ciki aka goge direbobi bakwai: i810 na Intel, mga na Matrox, r128 na ATI Rage 128, tdfx na katin Voodoo, sai savage da sis da via. Kayan ƙarshen shekarun 1990 ne zuwa farkon 2000, zamanin Pentium III. Kamfanin 3dfx da ya ƙera Voodoo ma tun ƙarshen shekarar 2000 ya amince ya sayar wa Nvidia kadarorinsa. Da yawa cikin masu karanta wannan ba a haife su ba lokacin.

To me ya sa ba a bar su sun ci gaba da zamansu ba, tunda ba su tare wa kowa hanya ba? Sun tare, ba a gani ne kawai. A tsohon tsari, manhajar X da ke zaune a wajen kanel ita ke taɓa katin hoto kai tsaye, ta saita girman allo da kanta, da cikakken ikon shugaban na'ura. Kamar ka ba ɗan haya makullin kowane ɗaki a gidan ne. Idan ta yi kuskure, kwamfutar gaba ɗaya ta sandare; idan mugu ya samu kafa a cikinta, ya samu komai. A 2009, da Linux 2.6.29, aka shigo da KMS, inda kanel da kansa ke saita allo. Direbobin da ke da masu kula da su suka koma sabon tsari. Waɗannan bakwai ba wanda ya mayar da su.

Sannan a 2012 Mesa 8.0, ɗaya rabin da ke zana hoto mai zurfi uku daga wajen kanel, ya daina tallafa musu. Ke nan shekara goma sha ɗaya suna zaune kamar shagon da ba ciniki amma ana biyan haya. Hayar kuwa lokacin mutane ce: duk wanda zai gyara wani abu a sashen hoto sai ya lallaɓa kar ya fasa lambobin da ba shi da katin da zai gwada su a kai. Da aka cire su, a Linux 6.8 na watan Maris 2024 aka kwashe ragowar tsohon tsarin da ya rage saboda su kaɗai.

Ni wanda ya fi min ciwo ma wani ne daban. A 2020, a Linux 5.9, aka cire damar komawa sama da Shift da PageUp a baƙin allon rubutu, saboda an gano ramukan tsaro a wajen kuma babu mai kula da shi. Ina amfani da ita sosai, na yi mita, amma da na tambayi kaina ko zan iya ɗaukar nauyin gyaran, sai na yi shiru.

Yanzu ga abin da ya shafi aljihunka. Ko da a ce kana da irin waccan tsohuwar kwamfutar, cire direban bai kashe allonta ba, domin akwai direbobi masu sauƙi da ke nuna hoto ba tare da gudu ba. Laftof ɗin da ake sayarwa a Sabon Gari da Beirut Road kuwa, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad masu Core 2 Duo ko Core i5, sun yi wa wancan zamanin nisa. Ka tabbatar da kanka, buɗe Terminal ka rubuta:

lspci -k | grep -A 3 VGA

Duba layin da ya ce Kernel driver in use. Idan ka ga i915 ko radeon ko amdgpu ko nouveau, kwantar da hankalinka, duk suna nan. Kar kuma sunan mgag200 ya ruɗe ka, shi ba mga ba ne, yana nan yana aiki.

Inda haɗarin yake na gaske shi ne tsofaffin katunan Nvidia. Kamfanin ya daina sabunta direbansa mai lamba 340 a ƙarshen 2019, mai lamba 390 kuma a ƙarshen 2022. Rufaffu ne, ba kowa ke iya buɗe cikinsu ya gyara ba, don haka sabon kanel na iya zuwa su ƙi hawa, a nan ne za ka ga baƙin allon da abokina ke tsoro. Mafita ita ce nouveau, buɗaɗɗen direba da ke zuwa tare da kanel. Bai kai na kamfanin gudu ba, amma ya isa rubutu da shiga intanet.

Wayarka fa? Wannan gogewar ba ta taɓa ta ba. Kanel ɗinta da direban allonta daga masu ƙera ta suke zuwa, ba sa canzawa sai sun turo sabuntawa.

Da muka gwada laftof shidan, biyar i915 suka nuna. Ta shida mai Nvidia ce, muka bar ta a kan nouveau, ya kai kayansa. Idan kai ma za ka sayi ta hannu, tafi da filashi mai Linux a ciki, ka roƙi mai shago ya bari ka tayar da ita daga filashin, ka buga umarnin nan kafin ka ƙirga kuɗi.